Sunan da Iya ba ta kira ba

Ƙauyenmu yana arewa da Cadawa, tafiyar da ba ta gajiyar da jaki. Kakanninmu daga ƙasar Katsina suka hauro, suka sari daji suka zauna. Ni a ɗakin kakata ta wajen uwa na tashi, Iya Hurera, don tun da ta ɗauke ni yaye ba ta mayar da ni ba. In sanyi ya kama, da an suɗe kwanon tuwo sai ta hura karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Tana ɓarar gujiya tana magana, mu ma kowa da tasa a gabansa. In hannun wani ya tsaya, tatsuniya ma ta tsaya, sai sauran sun zungure shi.

In za ta fara takan ce, "Ga wata can ta taho ba takalmi, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne!" Daga nan sai kura da dila, da budurwar da ta raina samarin garinsu ta ƙare a gidan dodo. Tsohuwar nan ta san murya. In ta yi kukan kura, har karen maƙwabta sai ya amsa mata.

Amma akwai labari ɗaya da ba ta yi masa wannan sallama. In ta ture faifan gujiya gefe ta tsura wa wuta ido, mun san shi ne zai zo. Labarin mijinta ne, kakana, wanda ko uwata ba ta san fuskarsa ba. Iya ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Haka matan zamaninta suke, mace ba ta kama sunan miji, yana raye ko ya mutu, kuma kunyar Iya ta fi ta kowa. "Mai gidan nan" take ce masa. Uwata ba ta kama sunan ubanta, dattawan gari kuwa in sun zo gaisuwa "marigayi" suke cewa, don ganin idonta. Saboda haka har na yi wayo sosai ban san sunan kakana ba. Mukan tsokane ta mu ce, "Iya, wai mai gidan nan ba a yanka mishi rago ba ne?" Sai ta zaro kara kamar za ta maka mana, ta ce, "'Yan banza, ku tahi ku tambayi ragon."

Ga yadda labarin yake. A zamanin aikin dole, lokacin da Nasara ke gina hanyar mota, dogaran kumandan, Baturen mulki, suka zo gari aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya. A gidansu ƙanensa aka nuna, ga shi bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ƙafafu kamar sillen kara. Mai gidan nan ya ce a bar yaron, shi zai tafi. Da hantsi aka jera su, aka ɗaura musu igiya a ƙugu, aka kora su. Iya tana bayan ɗaki tana kirɓa masa dawon fura na guzuri, ba ta san an tashi ba sai da wata ta leƙo ta gaya mata. Ta ƙulle dawon a tsumma, da uwata goye a bayanta, ta bi su da gudu har gindin wani gawo a bayan gari, inda dogari ya gitta mata sanda. Ga ƙeyarsa can tana hange, tazarar da in an ɗaga murya za a ji.

"Na buɗa baki," in ji ta, "na ce, 'Kai! Kai wanga!' Waɗansu suka waigo, ban da shi. Sunan na nan bisa halshena. Ga uwarshi tsaye bayana, ga ƙannenshi, ga mutanen gari. Na haɗiye shi. Har suka shige cikin geza bai waigo ba."

Bai dawo ba. Waɗanda suka dawo suka ce kwandon marmara ya cinye masa gashin kai, daga baya ciwon ciki ya kama shi, aka binne shi a gefen hanya. Dawon kuwa ta koma da shi gida ta rasa wanda za ta ba, har ya yi tsami ta watsa wa kaji. A nan take tsayawa. Ba ta taɓa ce mana ga abin koyi a ciki ba, sai dai ta jawo faifanta ta ce kowa ya kama gabansa.

Cikin waɗanda suka girma a bakin wutar nan akwai Illa, ɗan ƙanen Iya. Ya ɗan yi lakol, wato makarantar boko, a Maradi, ya dawo da baki, aka naɗa shi sarkin samari. Shekarar da aka ba mu mulkin kai, bayan an gama girbi, aka ce samarin kowane gari su shirya wasa da kiɗa da waƙa, a nuna irin wahalar da aka sha a hannun Nasara. A filin kasuwar Cadawa za a yi, gaban manya. Illa ya zo ya durƙusa gaban Iya.

"Gwaggo, labarin nan naki muke so mu yi. Yanzu ƙasa tamu ce. Ya kamata duniya ta san abin da mutumen ga ya yi."

Iya ta dube shi. "Ba za ku sa a yi mishi dariya ba?"

"Haba Gwaggo, dariya? Ai kuka za a yi."

"To ku yi. Amma ku yi shi yadda ya hwaru."

Ranar wasan Iya ta ciro baƙin zanenta na saƙi wanda ba ya fita sai da dalili, aka ɗora ta a jaki, ni da uwata muka bi a ƙasa. Mun tarar da fili ya cika maƙil. An yi wa manya rumfa, an ɗauko musu kujeru daga buro, ofishin hukuma, mu kuwa muka sami wuri cikin mata a kan rairayi. A sahun gaba na rumfar akwai wani tsoho mai babbar riga da alamar jam'iyya a ƙirji. Iya ta dube shi ta ce ƙasa-ƙasa, "Wancan ma a da igiya yake riƙewa."

Gaskiya farkon wasan ya yi kyau. Bayan la'asar masu ganga suka fara a hankali, samari suka shigo a jere da igiya a ƙugu, kwanduna a ka, suna wata waƙa can ƙasan maƙogwaro. Fili ya yi tsit. Na ga tsofaffi suna goge ido, na ji Iya ta damƙe mini hannu. Sai wanda ya fito a Nasara ya shigo, an dama masa gari an shafe fuska, da rabin ƙwarya a ka, zufa tana tsaga garin tana gangarowa wuya. Aka yi dariya, wannan kam ba laifi, shi ya cancanta.

Daga nan sai aka turo wadda aka ce ita ce matar. A lokacin ba a sa mata a wasa, namiji ke ɗaura zane. Wanda suka zaɓa kuwa Nomau ne, ɗan mahautan garinmu, ƙato mai gashin ƙirji. Ya cusa ƙoƙuna biyu a gaba, ya tula tsummoki a baya, ya goya gora, wato ita ce uwata. Bakinsa ja wur da goro. Ya shigo yana karkaɗa ƙugu yana fari da ido, wuri ya kaure da shewa. Yana gudu ƙoƙo ɗaya ya faɗi, ya duƙa ya ɗauka ya tofa masa yawu ya goge ya mayar.

Sai ya tsaya tsakiyar fili, ya dafa ƙugu, ya wage baki ya ƙwala kiran wani suna. Da fari ban gane ba. Sai da na ga uwata ta toshe kunnuwanta da hannu biyu sannan na san na wane ne. A nan na fara jin sunan kakana, daga bakin Nomau, tare da feshin goro.

Bai tsaya a sau ɗaya ba. Mai kalangu ya cafe sunan ya shiga faɗinsa da kiɗa, 'yan matan amshi suka ɗauka, su kira sunan su ce juyo ka karɓi dawo. Shi kuwa wanda ya fito a kakana ya juyo, ya tsinke igiya, ya taho da rawa. Nomau ya riƙa danƙara masa dawo a baki yana lasar yatsu, suka rungumi juna suka faɗi suna birgima, gorar da ke goye ta fashe. Daga ƙarshe mijin ya kama Nasara ya zane shi da sandarsa, aka ɗauke shi a kafaɗa aka kai shi gida. Manya suka miƙe suna tafi. Tsohon nan mai alamar jam'iyya ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Matan da ke kusa da mu suka jujjuyo. Wata ta ce, "Ashe Hurera haka kika yi? Ashe da kina da baki!" Iya ta tofar da yawu gefe, ta tashi, ta je ta kwance jakinta da kanta.

Washegari Illa ya shigo yana washe baki.

"Gwaggo, mun ci! Har mushen lakol, malamin makaranta, ya ce namu ya hi na mutanen Gazawa."

"Illa, na taɓa ce maka na kira shi?"

"Gwaggo, ai wasa ne. Mun gwada shi yadda kike hwaɗi, ba armashi. In matar ta tsaya shiru, mi mutane za su kalla? Kuma ga shi yanzu kowa ya san sunanshi."

"Kuma ya waigo."

"To ai dole shi waigo, in ba haka ba ina waƙar za ta shiga?"

Iya ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar wadda ta buɗe tukunya ta tarar da mushen ɓera.

"Da kiran na da sauƙi hakanga, da ni ban yi ba? Shekara da shekaru ina kwana da abin nan ina tashi da shi. Kai ka ɗauka ka sa ma ɗan mahauta a baki, da ƙoƙuna a ƙirji. Tashi ka ba ni wuri, ƙyamarka nike ji."

Illa ya fita yana gunaguni, wai an ɗaukaka mutum ana yi masa butulci. Na tabbata har ya mutu bai gane laifinsa ba.

Waƙar kuwa ta kama gari. Mata na daka da ita, 'yan mata na jan guga da ita, yara in sun hango Iya sai su fara ta daga bayan danga. Ta ci gaba da hura mana wuta, kura da dila ba su fasa zuwa ba, amma ba ta sake ture faifan gujiya gefe ba. Sau ɗaya na roƙe ta labarin mai gidan nan. Ta ce, "Tahi wajen Nomau, shi ya san shi."

Da damina uwata ta haihu, namiji, bayan mu mata da muka jeru. Ubana ya zo ya ce wa Iya yana so a mayar da sunan marigayi, kamar yadda ake yi. Kowa ya zaci za ta yi murna, don in an sa wa jika sunan, ko ba ta kira shi ba, za ta ji ana kira a tsakar gidanta. Ta girgiza kai.

"Kada ku sa. Ran da duk ya hita waje, juyo-ka-karɓi-dawo za su ce mishi."

Aka sa wa yaron wani suna.

Ina yarinya na ɗauka Iya kunya take koya mana da labarin nan, har ina alfahari da ita. Sai da na tsufa na fara ganin ba haka ba ne. Ina jin duk ran da ta ba da shi, komawa take gindin gawon ta sake tsayawa, tana auna ko daidai ta yi, kuma ba ta taɓa gama aunawa ba. Shi ya sa ba ta rufe shi da wa'azi. Illa da samarinsa suka yanke mata hukunci a tsakiyar kasuwa, suka nuna wa duniya cewa buɗe baki kawai za ta yi mijinta ya dawo gida. Ba su yi don mugunta ba, tafi suke nema, kuma wannan ne ya fi ba ni ƙyama.

Yau in ka tambayi tarihin aikin dole a yankinmu, za a ba ka labarin jarumin da ya tsinke igiya ya zane Nasara, da matarsa mai bakin tsiya. Ƙawayen amarya har yanzu suna waƙar, ba su san akwai kabari a gefen hanya ba. Mutumin ya tafi a madadin ƙanensa, ya bar jikoki da tattaɓa-kunne da suka cika gidaje, amma babu ko ɗaya da ke amsa sunansa. Ni jika ce, al'ada ba ta hana ni kiransa ba, har tsokana ma an yarda in yi. Na gwada, ni kaɗai a ɗaki. Da ya iso bakina sai in ji muryar Nomau, sai in haɗiye.