Jinya Ta Karɓe Ki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar Baban Ummi ban sake rubuta komai a nan ba, masu turo min saƙo ma ban amsa musu ba. Ku yafe min. Ba girman kai ba ne, kunya ce.

Kun san ciwon ƙoda ne ya kwantar da maigidana. Ni kuma a gefen gadonsa na kwaso nawa ciwon.

Duk mako muna hanyar asibiti wankin ƙoda. Likita ya hana shi gishiri, ruwa ma sai an auna masa. Amma 'yan dubiya ba su san dokar likita ba. Yayarsa, Yaya Asabe, daga Rigachikun take aiko da kula, yau farfesun kayan ciki, gobe masa da miyar taushe. Abokan aikinsa na ofis su zo da lemo da burodi.

Shi sai ya leƙa kular ya ce, "Rufe, Hauwa. Ƙamshin ma ya ishe ni."

Da farko cewa na yi kada abinci ya lalace. Daga baya, da zarar an jona shi da inji na ga jininsa yana bin roba, sai in ɗauki kula in fita baranda. Ba yunwa nake ji ba. In ina tauna ba na jin ƙarar injin, shi ke nan.

Kula ta koma Rigachikun a wanke. Yaya Asabe ta kira ni ta ce, "Alhamdulillahi, ya cinye tas. Mai ciwo in ya kama abinci ai sauƙi ya zo."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Yana ramewa, ina cika. Wata rana na dawo daga baranda ina goge baki, ya ce, "Ki riƙa ci a gabana mana, ba sai kin fita ba." Na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar uku da rasuwarsa, wata maƙwabciyarmu a nan Kinkinau ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Maman Ummi, ke kam jinya ta karɓe ki." Ba da mugunta ta faɗa ba, so take in yi murmushi. Amma maganar ta bi ni cikin takaba. In na tuna ta in ji kunya, in kunyar ta dame ni in buɗe tukunya.

Kafin in fita takaba na fara ƙishirwa marar yankewa. Fitsari kowane lokaci. Idona yana hazo, gwiwa ta hana ni sujada sai a kujera.

Ƙanina ya matsa, shi ya biya kuɗin gwaje-gwajen, don ni jinya ta riga ta cinye abin hannuna. Aka ce in zo ban karya ba, aka ɗibi jini da fitsari. Da na hau sikeli kau da kai na yi.

Likitar mace ce. Ta ce suga ne da hawan jini. "Ƙodarki lafiya take yanzu. Amma waɗannan biyun, in aka bar su, can suke nufa."

Sai ta tambaye ni, "Hajiya, yaushe kike cin abinci? In kin ji yunwa, ko in ranki ya ɓaci?"

Kuka na fashe da shi.

A keke muna dawowa, babbar 'yata Ummi ta ce a hankali, "Umma, ke ma injin za a sa miki?" Yarinyar nan ta riga ta binne uba. Na ce mata in Allah ya yarda a'a.

Ba lokaci ɗaya na gyaru ba. Na riƙe magani. Na bar lemo. Tuwo malmala ɗaya, sauran wurin zogale ko rama. Islamiyya da nake hawa keke na koma zuwa da ƙafa. In abin ya taso min, sai in yi alwala, ko in kira ƙanwata mu yi ta surutu har ya wuce. Ranar da aka raba kayansa na koma gidan jiya, har da ƙanzo. Washegari na sake farawa.

Da Yaya Asabe ta zo duba ni, na kasa ɗago kai. Na ce, "Yaya, abincin nan da kike aikowa, ni nake cinyewa."

Ta ce, "Ke tafi can. Ƙanin nawa ne ban sani ba? Ko yana da lafiya yaushe ya taɓa cinye kwano? Gani na yi ba mai tambayar ki, na ce ko ba komai cikinki ya samu." Sai ta share ido da bakin mayafi. "Da na sani, da na zo da kaina na zauna da shi, ke ki je ki yi barci."

Yanzu jikina ya ragu sosai, an rage min magani, goshina yana taɓa ƙasa a sallah. Sugan bai tafi ba, amma yana jin magana.

In za ku je dubiya, ku tambayi abin da likita ya yarda mai ciwo ya ci. Ku dubi wadda ke zaune a gefensa, ku karɓe ta ko na rabin yini ne. Ke kuma mai jinya, kina asibitin nan kullum, ki miƙa hannu a gwada jininki. In kin ga kina ci ba yunwa, ki faɗa wa wani. Ni ɓoyewa ta fi abincin cutar da ni.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata da ƙannena da Yaya Asabe. Jiya Ummi ta ce na fi ta sauri a hanya.

Wanda ya karanta, ya sa Baban Ummi a addu'a. Allah ya ji ƙansa. Ni kuma ya bar ni in ga girman yaransa.