Malam Isma'ila Mai Layi Biyu

Malam Isma'ila malamin lissafi ne a wata firamare a Bunkure, kuma kamar kowa a garin yana da 'yar gonarsa a bakin kanal ɗin ban ruwa, shinkafa da damina, tumatir da rani. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko a tafiya, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da guntun alli, har matarsa Talatu ta gaji da mita wajen wanki.

A shekarar 2007 zazzaɓin hannun jari ya iso har karkara. Dillalan tumatir, masu injin casa, har direbobin bas na hanyar Zariya, kowa ya sayi na banki ya adana takardarsa. Ƙanin Talatu, Taufiq, yana aiki a ofishin wasu dillalan hannun jari a Kano. In ya zo gida ƙarshen mako yakan taho da takardun da ya fitar daga kwamfuta masu nuna hawa da saukar farashi, layuka ja da kore da shuɗi duk sun sarƙe. Yakan yi bayani tsakaninsa da Allah, amma rabinsa Turanci ne, sai mutane su gyaɗa kai su tashi yadda suka zauna.

Malam ya zaunar da ƙanin matar tasa ya yi ta tambayarsa aikin kowane layi. A nan ya gane ɗaya daga ciki ba komai ba ne illa matsakaici, irin wanda yake koya wa 'yan aji biyar: a tara farashin makonnin baya, a raba. Taufiq ya ce sauran na masu saye da sayarwa kullum ne, mai ajiya zai iya yi ba su.

Sai Malam ya jingina wani tsohon allo a jikin shagon Hamma mai taki, inda ake zama bayan la'asar. Ya zana layi biyu kawai, farin alli na farashi, jan alli na matsakaici.

"Ku dubi kanal," in ji shi. "Ruwa yau ya hau, gobe ya sauka. Amma akwai shatin gansakuka a jikin siminti, inda ruwan ya saba tsayawa. Shi ne jan layin nan. In ruwa ya sauka ƙasa da shati ya ƙi dawowa, to daga madatsar Tiga aka rage."

Tun daga nan duk mako yake ƙara wa layukan tsawo, ana kallo ana shan rake.

A 2008 farin layi ya faɗa ƙarƙashin ja, ya yi zamansa. Malam bai ce wa kowa ya sayar ba, abin da allo ya nuna kawai ya faɗa. Hamma ya sayar da nasa ya sayi injin ban ruwa. Wasu suka ce a jira. Shi kansa Malam jira ya yi, don Taufiq ne ya zaɓar masa hannun jarin da ya saya, kuma yana jin nauyin ya ce masa ya fasa. Kafin ƙarshen shekara abin da ya zuba ya narke, saura kaɗan.

Talatu ta tambaye shi ko bai yarda da allonsa ba ne.

"Na yarda," ya ce. "Kunya ce ba ta iya lissafi."

Ofishin su Taufiq ya rage ma'aikata, Taufiq ya dawo gida jiki a sanyaye yana kauce wa haɗuwa da mijin yayarsa. Malam ya je har ɗakinsa ya ce yana neman abokin noman rani. Suka raba gonar, suka dasa albasa a gefen Taufiq.

Allon kuma ya koma kan farashin shanshera, shinkafar da ba a casa ba, don manoma su san lokacin fitar da ita daga rumbu. An roƙe shi ya yi wa tumatir ma, ya gwada kaka ɗaya ya bari. Ya ce kayan da zai ruɓe kafin jibi ba ya jiran alli.