Ranar da Na Tambayi Malam Burodi

Har yau idan salansar babur ta yi ƙara a titi sai in zaci harbi ne. Abin ya faro ne a 2013, muna zaune a Hayyin Ashir, hawa na uku, watana bakwai kacal a Alƙahira.

Mijina ɗalibi ne, kullum yana shiga mota zuwa unguwar Darrasa wajen karatu. Ran nan da zai fita ya ce zai taho mana da burodi. Kafin hantsi aka fara jin harbi daga wajen babban titi, aka ce an rufe hanyoyi. Na yi ta kiran wayarsa, ba ta shiga.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Masar da kowa ke ce wa Hajja, ita ta same ni tsugune a bayan ƙofa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ja ni ɗakinta, ta ɗora mini faifan shinkafa a cinya in tsince, ta kunna talabijin. Na zaci labarai za mu gani, sai ta wuce su ta tsaya a tashar tsofaffin finafinai, marasa kala.

Fim ne na ban dariya, na zamanin yaƙi. Wani tela siriri aka ba aikin tsaron layinsu, da usur da hular kwano da ta fi kansa girma. Yana zagayawa yana ihu kowa ya kashe fitila saboda jiragen sama, ashe gidansa kaɗai ke da haske, matarsa na neman ɗan kunnenta. Larabcina bai taka kara ya karya ba a lokacin, amma fuskokinsu sun ishe ni. Da jiniya ta tashi a cikin fim ɗin, shi ya rungumi kan keken ɗinkinsa, ita ta rungumi tukunya, suka maƙale a ƙofa. Ni kuwa na saki faifan, shinkafa ta watse.

Hajja ta ce, "Ma'alish, ba komai, 'yata. Wannan jiniyar ta girmi mahaifiyarki. Kwashe ki ci gaba."

Can aka tafi da telan bakin daga. Matar ta zauna a taga, tana son zura zare a allura, ta kasa. Ba wanda ya yi magana a wurin, ba kiɗa. Ban taɓa ganin an nuna abin da ke cikina haka ba. Amma ranar da ta hango shi yana dawowa, sai ta goge fuska da gefen riga, ta leƙo ta baranda ta ce, "Wata uku ka yi, ko sabulu ba ka riƙo ba?"

Hajja ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ma tana amarya aka tafi da mijinta yaƙi, su da matan layinsu sukan haɗu su je silima kallon irin waɗannan.

Ta ce, "Waɗanda suka yi fim ɗin nan sun san aure. Mutum ya ɗauko tsoro tun daga nesa, ki tare shi da naki, ina zai ajiye nasa?"

Na ce, "Hajja, mu a wajenmu ba a yi wa miji ihu daga sama."

"Wa ya ce ki yi ihu? Tambaya za ki yi. Me ya ce zai kawo?"

Bayan la'asar, daga barandar Hajja, na hango mijina ya shawo kwana, a ƙafa, rigarsa ta manne da gumi, yana ɗingishi. Na zabura zan sauka, Hajja ta riƙe ni. Ta danƙa mini igiyar kwandonta, irin wanda matan Alƙahira ke zurawa ƙasa mai shago ya saka musu kaya. Na zura shi.

Na ce, "Malam, sannu da zuwa. Ina burodin?"

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ɗaya ya tsinke, ya saka a kwandon.

Ya ce, "Ga abin da na samo tun daga Darrasa. Ja a hankali, da zafinsa."

Kukan ban fasa yi ba, amma sai da ya yi wanka ya ci abinci, ni kuma na koma kicin ɗin Hajja na yi shi tana wanke shinkafar. Shi bai faɗa mini abin da ya gani a hanya ba sai bayan kwanaki.

Ban san sunan matar da ta fito a fim ɗin ba, ban kuma sake cin karo da shi ba duk da nakan duba tashar. Duk sanda Malam ya yi jinkiri tsoron ranar yakan dawo mini. Nakan tsaya a baranda in shirya abin da zan tambaye shi.