Tofin Magariba

A makon farko na gasar cin kofin duniya, wata ranar Talata da la'asar sakaliya, ina tsaye a bakin shingen ƙarfe a garin Al Wakrah na ƙasar Ƙatar, sanye da rigar gadi mai ɗaukar ido, ina nuna wa 'yan kallo hanyar filin wasa, sai waya ta dinga zillo a aljihuna. An hana mu ɗaga waya a bakin aiki, amma da na ga Rabi ce, matata, kuma kira na bin kira, sai na laɓe bayan wata bas na ɗauka. Ta ce jikin 'yarmu Ummi ya yi zafi zau, tana firgita tana nuna bango. Yayyen Rabi kuma sun riga sun yanke cewa iska ce ta taɓa ta, gobe za su kai ta wurin wani mutum a bayan gari da ke turara wa yara barkono har aljani ya yi magana. Yarinyar da ba ta cika shekara biyar ba! Ban gama cewa kada wanda ya kuskura ba, mai kula da mu ya leƙo yana ta yalla-yalla, wato in yi sauri. Na koma bakin shinge raina a jagule. Ana ta bushe-bushe da kaɗe-kaɗe, ni kuwa ƙaurin barkono nake ji a hancina, don na san shi tun ina yaro.

A hannun kakata na tashi, Kaka Ta-Sallah, a wani babban gidan gandu mai rumbuna a tsakiya, da turken awaki ta gabas, da wata tsohuwar tsamiya a bayan danga. Aikina bai taka kara ya karya ba: in an taso daga makaranta in yiwo wa awaki ciyawa, in cika randa, da damina kuma in je gona korar tsuntsaye. Ina gamawa sai filin makaranta, inda muke buga ƙwallon tsumma da muka ɗaɗɗaure da roba, takalman soso su ne raga. To, kowa ya san ƙwallo ba ta daɗi sai rana ta yi sanyi, kuma daidai lokacin ne Kaka za ta bayyana a bakin fili, carbi a hannu, zane ɗaure a ƙirji. Wasan jika da kaka ya sa take ce mini maigida. "Maigida, a zo a rufe mini ƙofa, ko in sake miji?" Sai fili ya kaure da dariya. Akwai ranar da na dasa ƙwallo zan buga fanareti, 'yan aji shida sun zuba ido, sai kawai na ji an kama kunnena ta baya. Har na gama firamare mijin tsohuwa ake kirana, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Dokokinta na magariba ba sa ƙirguwa. A shigo da yara, a rufe ƙyaure da bisimilla, a kife faifai a bakin randa. Ba a zama a dokin ƙofa, ba a zuwa juji, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai an ambaci sunan Allah, ba a shiga bayan gida baki a sake ba addu'a. In na yi ƙorafi cewa 'ya'yan maƙwabta suna can suna langa ba abin da ya cinye su, sai ta ce ai ba ita ta haifi ubansu ba. Bayan an idar da salla sai mu jeru a kan tabarmarta. Ta haɗa tafukanta, ta karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tofa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana shafawa daga ka har ƙafa. Hannunta kaushi gare shi kamar bayan masaki, ga warin daddawa, ni kuwa sai mutsu-mutsu nake ina jiyo ihun yara a waje. Na taɓa tambayarta ko tsoron aljanu take. Ta ce, "Ba tsoronsu muke ba. Wanda ya halicce su muke roƙo."

Wata damina, gero ya fara ido, na kwanta a gindin tsamiyar nan bayan na dawo daga gona, barci ya kwashe ni har rana ta faɗi. Washegari zazzaɓi ya rufe ni, ina ta sambatu, ina ganin azara tana saukowa. Aka yi rashin sa'a Kaka ta tafi barka ƙauyen gaba. Kawu Ilu, ƙanen babana, ya ce ai magana ta ƙare, mutanen tsamiya ne, ya je ya ɗauko wani mutum mai jajayen idanu da jakar fata. Aka kawo kasko da garwashi, aka watsa barkono, aka lulluɓe ni da bargo tare da shi. Abin da na ji ba ya faɗuwa. Numfashina ya sarƙe, majina da hawaye suka haɗe, mutumin yana ta daka mini tsawa wai in faɗi sunana. Na ce Lawal. Ya ce ƙarya nake, ya ƙara barkono. Na sake cewa Lawal, don ba ni da wani sunan da zan ba shi. Matan gida suna tsaye cirko-cirko.

Ban ga shigowar Kaka ba, ƙarar ruwa kawai na ji a kan garwashi. Tulu guda ta juye. Ta yaye bargon, ta janyo ni jikinta, ta dubi Kawu Ilu ta ce, "In aljani ne, da Alƙur'ani ake korarsa. Wannan kuwa jikana kuke gasawa." Mutumin ya tattara jakarsa yana ƙunƙuni. Ita ta sa aka ɗora ni a kan jaki aka kai ni ɗakin shan magani na bakin kasuwa, aka yi mini allura. Kullum magariba kuma sai ta zaunar da ni a cinyarta ta yi tofi ta shafa, har na miƙe. Ba ta taɓa ce mini ba aljani ba ne, ba ta kuma ce shi ne ba. Allurar da tofin duk ta riƙe su, barkonon kawai ta hana.

Kaka ta rasu a shekarar korona, ina kulle a ɗakinmu na haya a unguwar Old Airport a nan Ƙatar, jirage a tsaye. A waya aka nuna mini makararta. Da aka buɗe hanya sai aka ce ba hutu sai an gama gasa. Ummi, wadda sunan Kaka ta ci, tana rarrafe na baro ta.

A ranar Talatar nan, ina sauka daga aiki na kira babban yayan Rabi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ba shi labarin bargon. Sai ya ce mutumin da ke Ƙatar yana kallon ƙwallo ba shi zai gaya musu yadda za su yi da ciwo ba. Maganar ta soke ni, don ban da bayan 'yan kallo ba abin da nake gani, kuma dai gaskiya ne ba na nan. Rabi ce ta fitar da ni. Washegari tun kafin su zo ta goya yarinyar ta yi asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Har yau yayyenta gaisuwar fatar baki suke mini.

Saura tofi, kuma nan ne abin ya fi ba ni takaici. Magaribarsu tana faɗowa ne daidai lokacin da aiki ya fi kankama a nan. Sai in ce zan kewaya, in tsaya a bayan bas, in buɗe waya muna ganin juna, in karanta, in tofa a tafina, sannan in rasa inda zan shafa. Haka muka yi ta yi, Ummi tana bin bakina da ido. Ana gab da rufe gasar, sai na ga ta haɗa 'yan tafukanta, ta karanta Nasi tana tsallake rabi, ta tofa har da yawu, ta shafe kanta da cikinta. Sannan ta matso ta ce, "Baba, sunkuyo." Na sunkuya. Fuskar wayar ta yi duhu, tafinta ne ya rufe ta.

A da, hannun yana kaina ina neman hanyar gudu in koma fili. Yanzu ga fili nan a gabana, fitilu kamar rana, mutane na ta kutsawa da 'ya'yansu a kafaɗa da magariba, ba mai kiran kowa gida. Da wani zai kama kunnena yau, wallahi ba zan yi gardama ba.