Jan fenti a bangonmu

Unguwarmu tana can gangare bayan tasha, inda ruwan Konni ke taruwa in damina ta kama. Ba a taɓa yi mata loti ba, wato yanka filaye bisa tsari. Kowa ya zo ya aza ɗakinshi inda ya samu fili, lungu kuma ya bi ta inda anka bar mashi. Shekarar da ɗiyata ta fara tafiya sai labari ya shigo cewa za a gyara unguwa, a daidaita lunguna, a gina gwata ta kwashe ruwa.

Wata safiya ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, sunka zo da igiyar awo da gwangwanin fenti. Ina leƙe ta zaure ɗayansu ya shata jan gicciye a bangonmu, dab da ƙofa, ya wuce bai ce komi ba. Maigidana yana Malbaza wurin lodin siminti, sai Juma'a yake dawowa. Na ruga wajen maƙwabciyata mai ƙosai, wadda ta girme ni ƙwarai kuma ta taɓa zama Yamai.

Na ce, "Yaya, mi wannan ja ke nufi?"

Ta juya ƙosai ta ce, "Uhm. A Yamai dai, gidan da anka sa ma ja, katafila ke cin shi."

Ɗaki biyu gare mu, uwar mijina tana ɗaya. Ina za mu? Kafin azahar na kwaɓa laka da ƙaiƙayi na rufe jan nan. Sai na ga wurin ya fita daban, na bi bangon duka da yaɓe har kusurwa. Inna, uwar mijin nawa, ta fito ta duba, ta ce, "Ashe kin iya aiki haka kike ɓoyewa?" Na karɓi yabo abina.

Ba a rushe gidan kowa ba a lungunmu. Bayan wata biyu anka haƙa gwata, zurfinta ya kai mani ƙugu, ta bi ta gaban ƙofofinmu. Sai mota ta zo da manyan marufai na siminti, ana aza ɗaya a bakin kowace ƙofa mai jan gicciye don mutane su taka su wuce. Anka aza na mai ƙosai, anka tsallake mu, anka aza na gaba.

Ga rami a buɗe, ga yarinya da ba ta san tsoro ba, da ta ga haske a zaure sai ta nufe shi da gudu. Na kwantar da turmi na tare ƙofa, ta hau ta ƙetare. Na goya ta wuni guda, ta cije ni a baya. Tuwo ya ƙone mani sau biyu don idona yana zaure.

Na ce ma mai ƙosai, "Yaya, ke ba ki goge naki ba?"

Ta ce, "Ni a Yamai na ce maki, ban ce a Konni ba."

Rana ta ukku na ɗauki yarinya na tafi wajen shugabar aikin, wata mata mai hular kwano bisa ɗankwali, tana tsaye da takardar taswira. Na ce, "Hajiya, an manta da ƙofarmu."

Ta biyo ni, ta dubi takarda, ta dubi bango. Ta ce, "Nan akwai alama. Ni na sa anka yi ta." Ta shafa yaɓen da hannu. "Wa ya yi wanga aiki mai kyau?"

Na ce, "Ni ce. Na zaci katafila za ta zo."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta kira maginanta ta ce su zo su ga matar da ta ɓoye gidanta ga gwamnati. Kunya ta rufe ni, amma nima dariyar ta kuɓuce mani. Daga baya ta ce laifinsu ne, da sun tara mata sun faɗa mana ma'anar alamar tun farko, kuma unguwar gaba haka za su yi.

Na ce, "To, murfin fa, Hajiya?"

Ta dubi ɗiyata tana zillo a bayana, ta ce ma magina, "Ku aza biyu nan. Wagga ba ta da birki."

Kafin la'asar sunka aza su, ɗaya manne da ɗaya. Na sauke yarinya. Ta taka, ta ji ƙarar ƙafarta bisa siminti, sai ta tsaya tana ta dira tana ihu. Na bar ta ta yi, amma ina riƙe da bakin rigarta.