Zuwa Samnu Saboda Kalma Ɗaya

Ƙarfe biyar na asuba na bar ɗakina a garin Sabha, inda nake ci-rani a ƙasar waje, raina a ɓace. Zamanin kuɗin fetur ne, magini irina ba ya tashi daga aiki a banza. Amma ƙyanda ta shiga gonakin Samnu, inda yayana Haruna ke ban ruwa, ga shi ya ƙi kai 'yarsa Rabi rigakafi. Sau biyu ina aika saƙo ta bakin wani direba Batube mai gurguwar Hausa, shiru.

Shida saura kwata tasi ta cika. A shingen bayan gari ɗan sanda ya juya takardata, ya miƙo mini, muka wuce. Bakwai da 'yan mintoci na sauka, na taka cikin dabino har bukkar Yaya.

Ko shayi ban taɓa ba na ce, "Yaya, me Rabi ta yi maka?"

"Kai zan tambaya! Ka san ba ni da takardar zama, ka aiko a kai ta a ba ta lamba? Su rubuta ta, gobe shurɗa, 'yan sandan nan, su kwashe mu?"

Ashe nan gizo ke saƙa. Na ce a yi mata lamba, direba ya ce a ba ta lamba! Dariya ta kama ni, sai kuma tsoro, don sati biyu muka ɓatar. Na naɗe hannun rigata, na nuna masa tabon damtsena.

"Irin wannan, Yaya. Ba Inna ce ta kai mu tare ba? Kai ma kana da ita."

Ya shafa nasa damtsen. Matarsa Hadiza kuwa tuni ta goya Rabi.

Ƙarfe tara muna ɗakin shan magani. Yaya ya toge a bakin ƙofa yana duban hanya. Malamar asibitin ta tambayi sunan yarinya da shekarunta, ta yi allura, shi ke nan. Da Rabi ta callara ƙara, ai sai ga shi ya faɗo ciki da gudu, ya karɓe ta.

"Babu wanda ya tambaye ni takarda," in ji shi, kamar an cuce shi.

La'asar ta yi mini a Sabha, na gode wa Allah da Ya kai ni kafin ciwon. Bayan wata guda ƙyanda ta kwantar da yara a gonar da ke jikin tasu. Rabi ko atishawa ba ta yi ba.