Mun Mayar da Zabuwa Dutsen Hada

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da kakana da jakuna biyu na haya, sai wani kwando rufaffe da ya hana kowa taɓawa. 'Yan ajinmu da kuka yi ta cigiyata, har wani ya baza cewa haddar nahawu ce ta kore ni, to ga inda na shiga. Ku gyara zama.

Bari in fara da abin da ke cikin kwandon, kar wani ya zabura a tsakiyar labari. Macijiya ce. Kaka, kafin ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano ya ratso Sudan ya iso nan Makka, gardi ne, mai wasa da macizai a kasuwa. Ya bar wasan tun ba a haifi Ummata ba, amma hannun bai manta ba. A rumfarsa ta hatsi a unguwar Tandabawi ba a rasa macijiya a bayan buhuna tana yi masa maganin ɓeraye, irin wadda Larabawa ke kira arƙam, marar dafi. Ta yanzu, wani mai raƙumi ne ya sauko masa da ita daga dutsen Hada da zafin nan da ya wuce. Zabuwa yake kiranta, saboda ɗige-ɗigen bayanta.

Kun san kakata ta rasu bayan Hajji. Da tana da rai, kullum ni da Kaka rigima muke a kanta, in ce matata ce, ya ce in nemi tawa. Ranar da aka kai ta, wasan ya mutu. Ba a jima ba iska ta ɗan yi sanyi, sai Zabuwa ta daina ci. A ajiye mata ɓera, ta kau da kai. Kaka ya ce ya riƙe arƙam ba ɗaya ba, ba biyu ba, daga Wadi Fatima, can ƙasa cikin rairayi, babu wadda ta taɓa ƙin ɓera, saboda haka wannan ma tafiya za ta yi. Shi ma sai ya ture kwano. Shayi, shayi, shayi, halas, shi ke nan. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Rannan ya ce zai mayar da ita inda aka kamo ta, ta mutu a gidansu. Umma ta ja ni bayan ƙofa ta ce, "Bi shi. Ba ruwana da macijiya. Ubana za ka dawo min da shi, kuma yana cin abinci."

Hantsi ya same mu a Mina. Ya salam, Mina ba Hajji ai abin tausayi ce. Inda kwanan baya nake dakon ruwa ina ya hajji ɗariƙ, ya hajji ɗariƙ, wato a ba ni hanya, ba wurin sa ƙafa, yanzu ƙofofi a garƙame, awaki ne ke sarauta. Mai gahawar nan na bakin hanya, wanda lokacin mausim, da alhazai suka cika gari, yake sayar da shayi kamar narkakken zinariya, yau har ƙari ya yi mana, wai don mu daɗe mu taya shi hira. Na ɓalli burodin tamis mai zafi na miƙa wa Kaka. Ya ce, "Ci kayanka."

Da muka wuce Muzdalifa muka kai ginshiƙan nan da ke nuna iyakar Harami, sai ya sauka daga jaki. Ashe da shirinsa. A cikin Harami ba a farautar ko ɗan tsuntsu, sai 'yan abubuwa masu ɓarna irin su ɓera aka yarje a kashe, shi ya sa tun da Zabuwa ta zo ba ta ga komai ba sai ɓera. Tunaninsa ko gundurarta ya yi. Ya ce, "Yanzu mun fita. Yalla, kamo mata ƙadangare."

Jama'a, ku ga ɗalibin ilimi da farar jallabiya yana tsere da ƙadangare a filin Arfa. Na faɗi, na tashi, na kurje gwiwa, wani Badawi, Balaraben ƙauye, da ke wucewa ya tsayar da raƙuminsa musamman don ya sha kallo. A ƙarshe dai na cafko wani ɗan siriri. Kaka ya ɗaga zanen da ya lulluɓe kwandon da shi, zanen saƙi ne na kakata, ya saka ƙadangaren a hankali. Zabuwa ta zaro harshe, ta mayar, ta cusa kai ƙarƙashin jikinta. Ƙadangaren har hawa bayanta ya yi ya zauna. Kaka ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauke shi ya sake shi kan dutse, ya ce, "Je ka, ba rabonta ba ne kai." Daga nan muka ratsa Wadi Na'aman.

Mun kwana a wata rumfar gahawa a gindin dutsen Kara, wanda Hada ke samansa, da sassafe muka fara hawa. Wanda bai hau Kara ba ya daina ce min ya sha wuya. Matakala ce ta duwatsu tana murɗawa, hagu bango, dama rami, jakin kuma sai bakin ramin yake so. Na ja linzami, wani mai jakuna da ya same mu a can ya ce in ƙyale shi, ya fi ni sanin hanya. Birai kuwa ga su nan jere kamar masu karɓar haraji. Wani ƙato ya diro ya fizge jakar dabinona, ya koma sama ya zauna yana ci yana tofo min ƙwallon. Na waiwaya, sai na ga gefen bakin Kaka ya ɗan motsa. Wallahi da za a ba ni jakar, da na sake miƙa wa birin.

Sai sanyi. Ni haifaffen Makka, abin da nake kira sanyi ashe iska ce mai daɗi. Haƙorana suka kama kaɗawa, gajimare yana wucewa ta ƙasanmu. Kaka ya kwance rawaninsa ya naɗa min a wuya, ya ƙara gyara wa kwando zanensa.

Hada gonaki ne hawa-hawa, kowace an tare ta da katangar duwatsu. Itatuwan rumman sun zubar da ganye, wardi an sassare shi, sai sanduna. Muka tarar da wani dattijo yana gyaran katangarsa da ta zube. Larabcin Kaka na kasuwa ne, na dattijon na kan dutse, ni na zama tafinta. Da ya leƙa kwandon ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Wannan ai tamu ce. Me take yi a farke a wannan watan?"

Ya yafito mu, ya janye wani faffaɗan dutse a gindin katangar. Ga wasu macizai biyu a naɗe, ko motsin kirki ba sa yi. Kaka ya durƙusa. Nan na ga gardin da ake ba ni labari. Ya fito da Zabuwa ya kwantar da ita gefensu, yana bin bayansu da yatsa yana magana, rabi da ni, rabi da kansa. Na Wadi Fatima launin rairayi ne, ɗigonsu ƙanana, a warwatse. Waɗannan sun fi duhu, ɗigon manya, kuma wajen wuya sun haɗe kamar an ja layi. Zabuwa sak irinsu. Ya ce tun farko ya ga duhun nata, ya ɗauka ƙurar rumfa ce da tsufan ido.

Dattijon ya ce su na nan, daga rumman ya zubar da ganye har wardi ya fito da toho, ba sa sa komai a baki. Kaka ya ce na ƙasa kuwa, da yake rairayin ba ya hucewa, sai dai su rage ci, ba su dainawa. Suka yi ta yi, wannan ya kawo nasa, wancan ya kawo nasa, har suka manta da tafinta suka koma nuni da hannu. Ashe Zabuwa lokacin dutsensu ta sauko da shi a jikinta har cikin rumfar hatsi.

Kaka ya matsa cikin ɗaya daga na katangar, wayam. Ya shafa gadon bayanta, a cike. Ya shafa na Zabuwa, a cike. Sai ya kalli damtsen hannunsa ya ce a hankali, "Ba ta rame ba. Ni ne na rame."

Na yi tsalle na ce to shi ke nan, mu koma da abarmu. Ya girgiza kai, ya ce ɗumin Makka ba zai bar ta ta yi barci ba. Ya kai ta bakin ramin da ke gindin katangar, ta daɗe tana lasar iska, sannan ta sulale ciki. Dattijon ya mayar da dutsen, ya ce, "Ya hajji, ka hawo lokacin wardi ka ga yadda take haɗiye ɓerayen gonata."

Kaka ya ce, "Zan zo, in sha Allahu."

Na ce, "Da wace ƙafar, tsoho? Kara ba ta hawuwa da shayi."

Aka shigar da mu ɗaki, aka kawo salik, shinkafar nan da ake dafawa da madara har ta yi luguf, ga man shanu yana ninƙaya a kai. Kaka ya ninke zanen ya ɗora a kafaɗa, ya zauna yana kallon farantin. Na kama bakin zanen na ce, "Kwando ya tashi aiki. Ba ni zanen matata."

Ya ɗago. "Matarka? Ɗan nema, ko allura ka taɓa saya mata?"

"Amma ni take ɓoye wa ƙanzo."

"Nawa take ragewa ta ba ka, don ka daina kuka."

Ya yi dariya, dariyar ta juye, ya sa zanen ya rufe fuska. Dattijon ya juya yana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Can Kaka ya goge ido, ya ce bismillah, ya sa hannu. Ya kai loma, ya ƙara, ya jawo farantin gabansa ya ce in matsa, na cika wuri.

Saukowa kam shagali. Dattijon ya cika mana kwandon da busasshen ɓaure, kafin mu kai Arfa Kaka ya yi masa ɓarna. A Mina shi ya fara ɓallar tamis, har yana ce wa mai gahawa waken ful ɗinsa ba gishiri. Washegari da la'asar muka shigo Tandabawi. Umma tana bakin ƙofa, ko kallona ba ta yi ba, ni da na kurje gwiwa. Kaka ya sauka daga jaki ya ce, "Akwai sauran tuwo?" Ta juya madafi da sauri tana goge fuska da mayafi.

Abin da na koyo, ban da cewa kar ka rataya dabino inda biri zai gani: mun ga halitta ta ƙi ci muka yanke mata mutuwa, alhali lokacinta kawai take jira. Ita ba ta buƙatar kowa, toho zai tashe ta. Mutum kuwa sai an bi shi har kan dutse an tsokane shi. Yanzu ɓeraye na biki a rumfa, mun aro kyanwar maƙwabta. Kaka kuma duk mai raƙumin da ya sauko daga Hada sai ya tare shi, da loma a hannu, ya tambaye shi ko wardi ya fara toho.